Ranar da Mama Tsaye Ta Zauna

Duk wanda ya san Yaya Rifkatu ya san ba ta kallon fim a zaune. A tsaye take kallo, tun daga rubutun farko har sunayen ƙarshe su gama hawa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan a bakin zaninta inda take ƙulle gyaɗa. Shi ya sa 'yan Unguwar Boro suka laƙaba mata Mama Tsaye, har wasu yaran cocinmu suka girma suna zaton sunan baftismarta ke nan. A tsaye take cin tuwo. A coci ta roƙi aikin tsaron ƙofa don kada a nuna mata benci. Na taɓa kama ta a cikin keke za ta Kakuri, na ce, "Yauwa Yaya, yau dai na gan ki a zaune!" Ta harare ni ta ce, "Wannan ba zama ba ne, Saratu. Lodi na aka yi."

Ni da ita masaƙa ce ta haɗa mu. Ta girme ni da shekara shida, ita ta koya mini ƙulla zare in ya tsinke. Da aka rufe masaƙar sai na faɗa fataucin atamfa, na yi ta yawo: Kwatano, Lome, Abijan, har Bombai. Na tsinci Faransanci a hanya, da ɗan Yarbanci, da Indiyancin da zai ishe ni ciniki da faɗa. Kowane gari na sauka sai na shiga silima. Na ga inda 'yan kallo ke tashi su yi rawa tare da jaruma, na ga inda suke ba jarumi shawara da ƙarfi kamar yana jin su, na ga inda ake kallo shiru kamar ana jana'iza. Amma mai kallon fim da gyaɗa, ita kaɗai na gani a duniya.

Ga yadda abin yake. Tambayarta ga kowane fim ɗaya ce: "Yaushe za ta zauna?" Duk sa'ad da mace a fim ta zauna don kanta, kyamara kuma ta tsaya a kanta, sai Yaya ta kwance bakin zani ta ci ƙwayar gyaɗa ɗaya. Amma fa da sharuɗɗa! Zaman kuka ba ya cikin lissafi. Zaman tsince shinkafa ba ya ciki. Zama a gaban miji ana yi mata faɗa ba ya ciki, haka ma gadon asibiti. Sai in an gama fim ta kakkaɓe hannu ta ce, "Kai! Awa uku, ko ƙwaya ɗaya. Wannan daraktan azumi ya sa ni." Gyaɗar da ta ƙulla da Kirsimeti takan kai Ista ba ta ƙare ba.

To, a hannun wannan matar Nanret ta tashi, 'yar ƙanenta, kun san ta, ga ta nan yanzu ta zama mai shirya fim. Fim ɗinta na farko a kan mu ta yi shi, matan masaƙa. Ta bi mu gida-gida daga Kakuri har Mahuta ta ɗauki labarinmu, ta gama komai, saura hoto ɗaya na rufewa: tsohuwar masaƙiya a zaune, ba ta yin komai. Kuma ta rantse ba wata za ta zauna mata ba sai wadda ta koya mata tambayar. Shekara biyu tana roƙo. Yaya ta ce a'a. A cikin shekara ta biyun ƙafafunta suka fara kumbura, likita ya ce zuciyar ce ta gaji. Nanret ta zo wurina idonta ja ta ce, "Anti Saratu, in Mama ta tafi ban ɗauke ta ba, wallahi fim ɗin nan ba zai fita ba. Zan bar shi a kwamfuta ya ruɓe." Ku riƙe wannan a ranku, zan dawo gare shi. Sai na fara gaya muku irin alƙalin da yarinyar ke neman sa wa a gaban kyamara.

Yaya ba ta son sauti. Da an kunna fim sai ta karɓi rimot ta kashe murya. Waɗanda ba su yi aikin masaƙa ba ba za su gane ba. A ɗakin saƙa ƙarar injuna ba ta barin ki ji ko tarin kanki. Da leɓe da gira muke hira. Mace za ta ba ki labarin rikicinta da surukarta kaf daga layin injinta zuwa naki, ba sautin da ya fita. Auduga na yawo a iska, rana ta ratso ta tagogin rufi ta yi dogayen layuka, mu muna ta motsi a ciki kamar kifaye a ƙarƙashin ruwa. Yaya takan ce, "Baki ya iya ƙarya, shi ya sa ake sa masa kiɗa. Kashe shi ki ga abin da hannu zai faɗa."

Wata shekara na dawo daga Abijan da faifan wani fim na Faransanci, ina ta ɗoki, yau zan nuna mata amfanin harshe. Na roƙe ta ta bar sautin ƙasa-ƙasa, ina fassara mata. Aka kai inda wani mutum ya tsaya a ɗaki yana magana da wata mace da ke durƙushe tana ɗaure masa jaka.

Na ce, "Cewa yake ba zai iya rayuwa ba tare da ita ba."

Ta ce, "Ƙarya yake."

"Yaya, ni fa ke jin yaren!"

"Ke kina jin yare, ni ina ganin ƙafa. Dubi takalminsa, ƙofa yake kallo. Kuma dubi inda mai hoton ya tsaya. Shi an ɗauko shi daga ƙasa ya cika allo kamar tankin ruwa, ita an leƙo ta daga sama kamar kaza a kwando. Mai kyamarar ma ya san tafiya za a yi, ke kaɗai ba a gaya wa ba."

Ba a yi minti biyar ba mutumin ya ɗau jakarsa ya fice. Yaya ta juyo ta ce, "Mai fasfo, wannan Faransancin naki, a tasha kika koye shi ko?" Tun daga ranar sunana a bakinta Mai fasfo.

Ba wai ba ta yabo ba. Akwai wani fim ɗin Indiya da na kawo, wata mata ta gama wanki a bakin kogi, maimakon ta ɗau kaya ta tafi sai ta zauna a kan dutse ta sa ƙafafunta a ruwa, mai kyamarar kuma ya bar ta, bai yanke ba, bai kawo miji ba, bai kawo waƙa ba. Yaya ta ci gyaɗa, ta ce in mayar baya. Na mayar, ta sake ci. Na ce, "Ai wannan zamba ce, zama ɗaya ne!" Ta ce, "Sau biyu na ji daɗinsa."

Amma in ta ga ƙarya, wayyo! Mace ta tashi daga barci da jan baki da girar da aka zana: "Wannan a kanti ta kwana?" Tukunya a kan murhu ba wuta ba hayaƙi, uwargida na juya iska da muciya: "Yau iyalin nan albarka za su ci." Jaruma mai farce zaƙo-zaƙo wai ita matar manomi ce: "Su ba ta gwangwanin tumatir ta buɗe mu gani." Ta taɓa tsayar da fim don ta nuna mini cewa tulun da yarinya ta ɗauko daga rafi babu ruwa a ciki. Na ce ta yaya ta sani. Ta ce, "Wuya, Mai fasfo. Wuyan da ya ɗauki ruwa ba ya waige haka."

Yawancinku kuna nan ranar da 'yan fim suka zo gidan maƙwabcin Yaya. Ku bar ni in maimaita, don ni ban gaji da labarin ba. Darakta saurayi ne mai hular kwano a juye. Ya zaunar da maza uku a kan kujeru a gaba suna tattauna maganar gado, can baya kuma ya tsayar da wata 'yar fim da turmi, wai don wurin ya yi kama da gida. Yaya na leƙe ta kan katanga. Ta ji ƙarar taɓarya sau biyu, ƙwas, ƙwas, ta ce, "Turmin nan wayam yake." Ta shige ɗaki. Sai ga ta ta fito da kwano cike da accar da aka aiko mata daga Filato, wadda ta yi sati uku tana neman mai surfa mata. Ta ratsa tsakiyar ɗauka, ta gaban mazan nan, ta juye a turmi.

Darakta ya dafe kai. "Mama, abeg! Kin shigo mini cikin hoto!"

Ta ce, "Ɗana, in za ka gajiyar da 'yar mutane, ta gaji a kan abin da za a ci. Saurari ƙarar yanzu."

Yarinya ta buga. Dum. Mai riƙe da sandar ɗaukar sauti ya ɗaga babban yatsa. Darakta ya haƙura. To, mazan nan ba su haddace maganarsu ba, aka yi ta maimaitawa. Duk aka ce a sake, sai Yaya ta ruga da faifai ta bakace ta mayar. Can ta fara sa baki: "Wancan mai gemun bai faɗa da kyau ba, a sake." Darakta ya ce, "Mama ta yi gaskiya, a sake." Ni ina gefe ina cizon gyale don dariya.

A wajen maimaici na goma 'yar fim ɗin ta saki taɓarya. Ba wanda ya ce ta yi. Ta zame ta zauna a gindin turmi, gumi ya wanke hodar fuskarta, ta buɗe tafukanta tana kallon su kamar yau ta fara ganinsu. Rana ta faɗo mata a gefen wuya. Mazan na can suna ta gado. Sai Yaya ta daka tsawa, "Juya kyamarar! Kai mai hula, juya! Ga fim ɗinka can a ƙasa kana ɗaukar gemu!"

Bai juya ba. Ta tattara accarta fes, ta ba yarinyar rabi da man kaɗanya na shafa wa hannu, ta fito tana cewa, "Ya yi asarar fim, ni na samu kunu."

To, mu koma ga Nanret. Ta gwada duk dabara. Ta sayo kujera mai laushi, Yaya ta ɗora mata kwandon albasa. Ta turo fasto, Yaya ta ba shi kujerar ta tsaya a kansa har ya ji kunya ya miƙe. Ranar nan da safe na je ni kaɗai, na same ta jingine da bango tana numfashi da ƙyar, ƙafafun nan kamar doya. Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, ke ba ki da kunya? Shekara nawa kina zagin daraktocin duniya don sun hana mata zama, yau 'yarki ta ce ki zauna kin ƙi. Ashe ke ce babbar mai hanawar!"

Na zaci za ta mayar mini da baƙa. Sai ta juya tana kallon igiyar shanya. Can ta ce, "Mai fasfo, sau uku a rayuwata aka ce mini 'zauna' da ladabi. Na farko, shugaban layinmu ya kashe injina ya ja mini kujerarsa, ashe saƙo ne ya zo daga gida, uwata ta rasu. Na biyu a asibiti, likita ya ce, 'Madam, zauna tukuna.' Kin san sauran, wani rashin ne, ke kika riƙe ni. Na uku kina wurin. Shekarun nan duka da muka yi a masaƙa, sun taɓa ba mu benci? Sai ranar da za su ce mana an rufe. Suka jera benci reras, har da na aro." Ta gyara tsayuwa. "Ni in aka ce in zauna, jikina jira yake a gaya masa wa ya mutu. A fim nake son in ga yadda wasu ke yi. Ni ban iya ba."

Na yi mata sallama. Na dawo gida na kira Nanret na ce, "Kada ki ƙara ce mata ta zauna. Ni za ki ɗauka. Ita ki roƙe ta ta zo ta duba miki aiki." Nanret ta ce, "Anti, ai ba ke nake so ba." Na ce, "Na sani, mara kunya. Ki dai kawo kyamara."

Duba aiki? Kafin mu gama faɗa Yaya ta ɗaura ɗankwali. Muka yi lodinta a keke sai Kakuri, bayan katangar tsohuwar masaƙarmu, da la'asar. Lokacin rimi na fashewa ne. Akwai wani babba a wurin, audugarsa na sauka a hankali, tana ratsa hasken rana, fari-fari, ba ta gaggawa. Daga cikin katangar ba ƙara ko ɗaya sai kukan kurciya. Na ga Yaya ta ɗaga kai tana bin audugar da ido.

Nanret ta ajiye kujerar katako mai majingina, ta kafa kyamara. Nan take aiki ya fara.

"Sauko da ita daidai idonta. Kada ki kalle ta daga sama, ke ba Allah ba ce. Kada ki kalle ta daga ƙasa, ita ba gwamna ba ce."

"To, Mama."

"Kuma in kin je haɗawa kada ki sa mata kiɗan tausayi. Ba bara take yi ba."

"To, Mama."

Na zauna. Na haɗa gwiwa, na ɗora jaka a cinya, na ɗan karkata kai kamar yadda na ga ana yi a Abijan.

"Kai, kai, kai! Mene ne wannan? Kin zauna kamar mai jiran a kira jirginta. Ajiye jakar!"

Na ajiye. Na harɗe ƙafa.

"Yanzu kuma kin zama matar kwamishina. Saki kafaɗa! Wadda ta yi awa takwas a gaban inji haka take zama? Ƙashin bayanki bai san komai ba?"

Na ce, "Yaya, ai na manta, shekara nawa rabona."

"Kin manta! Yawon duniya ya cinye miki baya. Tashi. Tashi in nuna miki, kada ki ɓata wa yarinya fim."

Na tashi. Ban kalli Nanret ba, ita ma ba ta kalle ni ba. Jan digon kyamarar dai yana kunne tun ɗazu.

Yaya ta dafa hannun kujera, ta sauka a hankali, tana cewa, "Kin ga, da farko nauyin zai sauka a nan, sannan ki bar bayanki ya..." Ba ta ƙarasa ba. Bayanta ya taɓa majingina. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, suna jira. Ta dube ni, ta dubi Nanret, ta dubi hanya, ko wani na tafe da labari. Ba kowa. Wani mai keke ya wuce can nesa. Kurciya ta yi kuka. Ba wanda ya mutu.

Sai kafaɗun suka sauka.

Yatsunta suka fara motsi a kan cinyarta, suna ƙulla zaren da babu shi, ƙulli ɗaya, biyu, uku, irin ƙullin da ta koya mini. Sannan su ma suka daina. Tafukan suka buɗe suna kallon sama. Audugar rimi ta sauka a ɗankwalinta, wata a gwiwarta, ba ta kaɗe ba. Idonta a buɗe, amma ba mu take gani ba. Na ga leɓenta yana motsi ba sauti, irin hirarmu ta ɗakin saƙa, tana yi wa wata magana a can layin da ke gaba. Na karanta, don ni ma ban manta wannan yaren ba. Cewa take, "An tashi. Ku huta."

Ban san tsawon lokacin ba. Nanret ta ce minti huɗu da wani abu. Ni na ga kamar an mayar mini da shekara talatin an sake karɓa.

Ita ta farka da kanta. Ta ce, "To, kin gani? Haka ake yi. Zo ki gwada." Nanret na share hawaye da bayan hannu ta ce, "Mama, rana ta yi ƙasa, haske ya tafi." Yaya ta dube ta, ta dubi jan digon nan, ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Mai fasfo, a wace ƙasa kika koyo munafunci?" Na ce, "A layinki, Yaya."

Bayan sati biyu Nanret ta kawo kwamfuta gida ta nuna mata fim ɗin gaba ɗaya. A tsaye ta kalla, ba sai na faɗa ba, ta jingina da ƙofa, ta sa an kashe sauti. Ta soki abubuwa da dama. Ta ce an yanke Mama Ladi, abokiyar aikinmu a masaƙa, tana tsakiyar dariya, ta ce hoton ƙofar masaƙa ya yi tsawo, "ƙarfe ne, ba zai yi kuka ba." Nanret na rubutawa. Aka zo hoton ƙarshe. Minti huɗun nan suka wuce, ba a yanke ba, ba kiɗa. Allo ya yi baƙi.

Nanret ta ce, murya can ƙasa, "Mama, yaya?"

Yaya ta kai hannu bakin zani, ta kwance ƙullin, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a baki. Ta tauna a hankali. Ta ce, "Wannan tsohuwar ta iya zama. A ina kika samo ta?" Sannan ta ce, "Mayar baya."

Ruwan farko na damina bai same ta ba. Da muke shirya kayanta na tarar da ƙullin a bakin zanin, saura ƙwaya bakwai. Na ba Nanret. Ta ce za ta ci ɗaya duk fim ɗin da ta gama, in ta tabbata ta cancanta.

Ya Ubangiji, kai da ka huta a rana ta bakwai, ga baiwarka Rifkatu ta iso da kumburarrun ƙafafu. Muna roƙon ka, kada mala'ikan bakin ƙofa ya ce mata "zauna", za ta tsorata. A dai ajiye kujerar a inda haske yake da kyau, a ƙyale ta. Za ta zagaya, za ta soki yadda aka kafa ta, sannan za ta nuna musu yadda ake yi. In ta jingina, ya Uba, kada a yanke. Amin.